Ku Tambayi Kawu: Unilag, Akoka da unguwannin da suka kewaye ta

Jama'a assalamu alaikum. Tunda aka fara sakin sunayen admishan wayata bata huta ba, kuma kusan rabin saƙonnin akan makaranta ɗaya ne, Jami'ar Legas ta Akoka wadda kowa ke kira Unilag. Na tsamo guda biyar, sauran kuyi haƙuri amsarku na ciki. Sunaye na cire kamar kullum.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, na fi shekara ashirin a garin nan amma wlh ban taɓa taka Unilag ba, iyakata in hango ta daga kan gada in zamu Idumota sari. Yanzu ga 'yata ta samu admishan can, uwarta ta tada hankali wai makarantar cikin ruwa take kuma wai 'ya'yan Hausawa basa zuwa. Dan Allah ya wajen yake, kuma zata iya zuwa daga gida kullum ta dawo? Daga wani uba, Agege.

AMSA: Alhaji Allah ya sanya albarka, yasa ta gama lafiya. Ka gaya wa Hajiya ta sha kuruminta, a bakin ruwa makarantar take amma kan ƙasa take daram da manyan benayenta. Gidajen da take tunani, masu tsayuwa kan itace a tsakiyar ruwa waɗanda ake gani daga kan gada, Makoko ce wannan, unguwar masunta, maƙwabta ne dai amma kowa da harkarsa. Shi kansa ruwan lagun ne, tafkin nan da ya raba tsibirin Ikko da sauran gari, bashi da haukan igiyar teku.

Amma gani ya kori ji, ka ɗauki Hajiya ranar wata Asabar kuje. In kun baro Yaba kuka bi University Road ta Abule Oja zaku tarar da babban get, kana shiga zakaji kamar an rufo ƙofa an bar hon da ihun kwandastoci a waje. Bishiyoyi, titi mai faɗi, yara da jakunkuna kowa na sauri. Ku miƙe har ƙurya wajen da suke kira Lagoon Front. Ni ranar da na raka ɗan ƙanwata rajista, da tsayuwa ta ishe ni can na gudu na samu benci na zauna, iska na kaɗowa daga ruwa, ga gadar Third Mainland shimfiɗe a gabana, kilomita 11.8 ce, Babangida ya buɗe ta a 1990, motocin dake kanta sai kace tururuwa sun ɗauko tsaba, ƙasa da ita kuma wani masunci shi kaɗai a kwalekwale yana jefa raga yana ja ko a jikinsa. Na fi awa ɗaya a wajen. Har birai na gani a kan bishiya, na gaske ba na wasa ba, ɗaliban ma sun saba ko kallo basu ishe su ba. Abinda zan ce a tanada shine gidan sauro, duk inda ruwa da fadama suke kasan sauron wajen baya wasa.

Zancen 'ya'yan Hausawa basa zuwa kuma, bari in ɗan tsaya anan don abin na cina. Makarantar nan ta gwamnatin tarayya ce, an kafa ta 1962, shekara ɗaya da ABU Zariya, lokacin Tafawa Ɓalewa na firaminista kuma Legas ce babban birnin ƙasa. Cikin hostal ɗinsu akwai na Sarauniya Amina, akwai na Makaman Bida, duka na mata ne, akwai El-Kanemi na maza. To wa aka yi wa? Gaskiya ne 'yan arewa basu da yawa a ciki, bazan ɓoye maka ba, tana iya shiga aji ta zama ita kaɗai ce mai jin Hausa. Amma laifin namu ne, mun san Mile 12 lungu lungu, mun san Alaba Rago da Apapa da abatuwar Oko-Oba, kakannin wasunmu a Agege aka binne su, sai makarantar da take ƙarƙashin hancinmu muka ɗauka ta wasu ce, yaro ya gama sakandare a Legas sai a tura shi Kano ko Zariya ko kuma kawai a bashi shago. Batun addini kar ya dame ka, akwai babban masallaci cikin makarantar ana Juma'a, 'yan matan Yarbawa masu hijabi har ƙasa ba adadi, ƙungiyar ɗalibai musulmi ta MSSN ɗin nan ma da muke ganin kamar tamu ce a arewa, a Legas aka kafa ta 1954. Kuma ka gaya wa 'yar taka a 2022 mace ta hau shugabancin jami'ar karon farko, Farfesa Folasade Ogunsola.

Sai maganar zuwa daga gida. A ido Agege zuwa Akoka bai kai Kano zuwa Wudil ba, amma kai ɗan gari ne kasan a Ikko ba'a auna tafiya da kilomita, da gosulo ake aunawa. In lakcar ƙarfe takwas gareta kuma danfo, ƙananan bas ɗin hayan nan, zata bi ta Oshodi, to sallar asuba kawai zata yi ta fita, ta dawo bayan isha'i a gajiye, yaushe zata buɗe littafi? Abinda ya kawo sauƙi yanzu jirgin ƙasan nan na Red Line da ya fara ɗaukar mutane a 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa Agege yana tsayawa Yaba, da katin Cowry ake shiga, in ta sauka Yaba akwai motocin makaranta da suke kaiwa har ciki. Sai dai jirgi lokacinsa yake bi, lakcara kuma nasa yake bi, basa shawara da juna. Kuma kar a sa rai da okada, tun 2022 gwamnatin jiha ta hana su a wannan yankin. Shawarata ta nemi hostal tun ranar da aka buɗe, ta intanet ake cikewa kuma gadajen basa isa, minti kaɗan sun ƙare, ta zauna da data da caji a shirye. In ta samu sai ta riƙa zuwa gida Juma'a da yamma ta koma Lahadi, hankalin Hajiya ya kwanta nata karatun ma ya zauna.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Daga Kano nake, zan zo yin masta a Unilag kuma ban taɓa zuwa kudu ba. Wace unguwa zan kama ɗaki kusa da makaranta, sannan tsakani da Allah ina zan riƙa samun tuwo? Don ance min abincinsu duk manja ne da barkono. Daga wani ɗalibi, Kano.

AMSA: Ɗana lafiya lau, sannu da niyya. Unguwannin da ɗalibai suka fi zama sune Abule Oja ta wajen babban get, Onike da Iwaya ta wajen get na biyu, sai ita Akoka ɗin kanta, in aljihu bai kai ba a matsa Bariga ko Shomolu. Duk kusancin ɗaki da get duk tsadarsa, kuma ka cire lissafin hayar Kano daga ranka tun a tasha, ɗakin da zaka raina a Kabuga anan da ejan da kuɗin agrimen da na kwamisho ake kama shi, shekara guda cif a gaba.

Abu ɗaya zan roƙe ka, kar ka tura wa kowa ko sisi akan hoton ɗaki a WhatsApp. Kazo da ƙafarka ka sauka wajen wani na gida ko da kwana huɗu ne. In ka shiga ɗakin kar ka tsaya kallon fenti da tayil, ka duƙa ka kalli ƙasan bango ta waje da jikin katangar maƙwabta, in kaga wani layi baƙi baƙi ya zagaye daidai gwiwa, to nan ruwa yake kaiwa in damina ta kankama wajen Yuni da Yuli, don wasu layukan a kwari suke kusa da lagun. Ka duba ko an ɗaga dokin ƙofa da bulo, shima alama ce. Ni an taɓa yi min, da rani na kama wani ɗaki mai kyau a wata unguwa da bazan faɗa ba, ruwan farko na tashi cikin dare naga silifas ɗina na yawo a tsakar ɗaki. Ka tambayi mai shagon layin ko maigadi, yawanci ma namu ne, da Hausa zai faɗa maka gaskiyar ruwa da wuta da halin mai gidan.

Tuwo kuma ka kwantar da hankali. Sabo tana nan cikin Yaba tafiyar keke ɗaya, sunan ma ya isa ya gaya maka su waye suka fara zama. Idi-Araba ba nisa, can kam in ka shiga wasu layukan sai ka rantse Fagge kake, tuwon shinkafa da miyar kuka, waina, fura, mai shayi da kiran sallah ta ko'ina. Tsire da daddare Obalende. Amma kar ka zama irin mutanen da zasu shekara biyu a gari basu ɗanɗana komai ba. Ewedun da kake jin tsoro lalo ne fa, lalon da ka sani, gbegiri kuma miyar wake ce, ka samu amala mai zafi ka haɗa ka bani labari. Barkono dai eh akwai shi, ka ce a rage.

Yankin gaba ɗaya na 'yan makaranta ne, ga kwalejin fasaha ta Yabatech da take nan tun 1947, ga kwalejin ilimi ta tarayya a Akoka, kasuwar Tejuosho da gwanjon Yaba na kusa, Shomolu kuma matattarar masu buga takardu ce in lokacin haɗa projet yazo. In ka hau danfo zaka sauka ka ɗaga murya kace "owa", in kayi kawaicin Kano sai an wuce da kai tasha uku. Kuma in wani ya ce maka kai sai Yaba left, zagi ne, asibitin masu taɓin hankali yake nufi.

TAMBAYA: Kawu yarona ya samu likitanci a Unilag, mu a Idi-Araba muke, nayi murna nace ga makaranta a bayan gida, sai kuma naga takardarsa ance ya tafi Akoka. Ko an canza masa kwas ne bai faɗa min ba? Daga wata uwa, Idi-Araba.

AMSA: Hajiya ba abinda aka canza, yaronki bai miki ƙarya ba. Shekarar farko duk a Akoka ake yi tare da sauran 'yan kimiyya, in ya haye sai ya dawo kwalejin likitanci dake nan Idi-Araba jikin asibitin LUTH, a nan zai ƙarasa. Ki dage masa da addu'a a wannan shekarar ta farko don sai da sakamako mai kyau ake hayewa. Kuma tun yanzu ki fara ja wa 'yan unguwa kunne, don na san mu, yana saka farar riga za'a fara sallama da asuba ana cewa likita ya taimaka a ga babban likita, alhali yaro ko allura bai fara koya ba.

TAMBAYA: Kawu Allah ya ƙara girma. Na gama Unilag, Baba da Inna zasu zo daga Sakkwato bikin yaye mu, kwana uku zasu yi kuma basu taɓa zuwa Legas ba. Ina da ina zan kai su wanda bazasu wahala ba? Inna tace ita dai teku take son gani. Daga wata ɗaliba, Akoka.

AMSA: 'Yata barka, Allah yasa albarka a takardar ya kawo aiki da miji nagari. Kwana uku a Legas in aka cire ranar biki saura biyu, in aka cire gosulo saura ɗaya da rabi, don haka kar ki cika buri.

Wuri na farko, kuma in ma shi kaɗai aka samu ya isa, gidan tarihi na ƙasa dake Onikan. Tun 1957 yake, akwai kayan Nok da na Benin da na Ife, amma abinda zai tsayar da Baba motar Janar Murtala ce, baƙar Marsandin da aka harbe shi a ciki ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 yana hanyar zuwa ofis a barikin Dodan. Tana nan da hujojin harsashin a jikinta. Na taɓa kai wani dattijo ɗan uwanmu da yazo daga gida, tun a hanya yake ta surutu yana kushe garin, wai zafi wai wari wai mutane basa gaisuwa, muna shiga ɗakin da motar take yayi tsit, ya cire hularsa ya mayar, ya matsa yana leƙen kujerar baya, can naji yana karanta ƙulhuwallahu a hankali. Ya ce min yana saurayi aka yi, a rediyon maƙwabcinsu yaji. Har muka fito bai ƙara kushe komai ba. In Baba ya kai shekarun nan ki barshi ya tsaya iya son ransa, kar ki ce ana jiranku.

Daga nan taku kaɗan ne zuwa dandalin Tafawa Ɓalewa, TBS, tsohon filin sukuwa inda aka yi bikin karɓar 'yancin kai 1 ga Oktoba 1960. In azahar tayi ku shiga cikin tsibiri babban masallacin Legas a titin Nnamdi Azikiwe, kusa da shi akwai masallacin Shitta-Bey na tun 1894, ƙarami ne amma ginin abin kallo ne. Sai dai wajen tsakiyar kasuwa ne, Balogun da Idumota, ki riƙe hannun Inna ki riƙe jaka, kuma in ta fara taya atamfa to ranar ta ƙare a nan. Freedom Park a Broad Street tsohon kurkukun Turawa ne aka mayar wajen hutawa, akwai inuwa da wajen zama in ƙafa ta gaji. A hanyar dawowa in kun biyo ta gadar Eko ki nuna musu babban gidan wasan Iganmu mai kama da hular soja inda aka yi bikin al'adun nan na Festac a 1977, daga mota ma ya wadatar.

Tekun Inna kuma, in Baba ya ce a kai su Bar Beach don shi ya sani a labari, ki ce masa babu shi yanzu, an cike wajen da yashi ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. Sai dai ku nufi ɓangaren Lekki irin su Elegushi, kuma kuɗin shiga ake biya. Kuje da safe a ranar aiki, don yammacin Asabar da Lahadi kiɗa ne da shigar da zata sa Baba ya fasa barinki bautar ƙasa a kudu. A tsaya daga baya baya, a bar kumfar ta taɓa ƙafa a ɗau hoto shikenan, tekun nan yana ja da ƙarfi kuma ruwa ba sa'an kwando bane. Ki tafi da gora don nasan Inna sai ta ɗebo na tsaraba.

Akwai gandun Lekki Conservation Centre mai gadar igiya a saman bishiyoyi, mita 401, tana lilo in ana tafiya, wannan naki ne da ƙawayenki, kar ki hau da tsofaffi. Badagry kuwa inda benen 1845 da ake cewa shine na farko a Najeriya yake da hanyar da aka riƙa fitar da bayi, wuri ne mai kyau amma yini guda yake ci, ki bari sai wani zuwan. Yammacin ranar biki in an watse ki kaisu Lagoon Front su zauna su sha iska, kyauta ne, Inna ta fara ganin ƙaramin ruwa kafin babba.

TAMBAYA: Kawu ni a Alaba Rago nake sana'ar dabbobi, ƙanina zai zo daga gida yana son jami'ar Legas, nace masa ai gata nan kusa damu da ƙafa ma zai riƙa zuwa. Wani kuma yace min ba ita bace. Wai guda nawa ne? Daga wani mai karatu, Ojo.

AMSA: Malam wanda ya faɗa maka yafi ka gaskiya. Jami'o'i biyu ne kake haɗawa, ta kusa daku LASU ce, ta gwamnatin jiha, zamanin Jakande aka kafa ta 1983. Unilag ta tarayya ce tana Akoka, daga Ojo sai ka bi titin Badagry ka wuce Mile 2 ka nemi hanyar Yaba, wanda zai yi wannan kullum sai dai a ce Allah ya bashi lafiya. Ka kira ƙanin naka yau ɗin nan ya duba takardar JAMB ɗinsa ya karanta maka sunan da ya cike harafi harafi, kafin kuje ku biya kuɗin ɗaki a inda ba nan bane.